Neman azurfa a cikin ɗaurin sulallan banki: fashin baƙi kan wata sha'awa ta iyalai a Amurka

A Amurka akwai iyalan da ke zuwa banki su miƙa dala 25 ta takarda, a miƙo musu kwali mai nauyin kilo shida zuwa bakwai, cike da kwabbai, wato sulalla masu senti ɗaya. A cikin kwalin akwai ɗauri 50, kowanne an naɗe shi da takarda, kowanne na ɗauke da kwabo 50, wato kwabbai 2,500 ke nan. Sai su kai gida su baje a kan tebur, uba da uwa da yara su zauna suna warware ɗaurin suna juya kowane kwabo gaba da baya, kamar dai yadda ake zama a kewaye faifai ana tsince tsakuwa daga cikin wake. Wanda ya cika sharaɗi a ware shi gefe. Sauran a mayar banki, a karɓi kuɗinsu cif. Mako mai zuwa a sake ɗauko wani kwalin.

Wanda bai san tushen abin ba zai ce ai kwabo kwabo ne, me za a samu a ciki ban da dattin hannu? Amsar tana da sassa, kuma sashe na farko shi ne cewa Amurka ba ta soke sulallanta. Mu da muka saba da canjin kuɗi, aka bar fam da sule aka koma naira a 1973, aka sake canza launin takardu a 1984, mun san tsohon kuɗi yana mutuwa. A can kuwa kwabon da aka buga a 1919 har yau kuɗi ne, mai kanti zai karɓa, banki zai ƙirga shi. Saboda haka sulallan da ke yawo a hannun jama'a gauraye suke, na bara da na shekara ɗari da suka wuce duk a jaka ɗaya. Wasu daga cikinsu darajarsu ta zarce abin da aka rubuta a jikinsu nesa ba kusa ba, amma banki bai damu da wannan ba. Shi a wurinsa rabin dala rabin dala ce, ko ta azurfa ce ko ta jan ƙarfe.

Batun azurfa shi ne ƙashin bayan wannan sha'awa, don haka sai mun ɗan daɗe a kansa.

Har zuwa 1964, kwandala mai senti goma da mai senti 25, wadda ake kira kwata, da rabin dala, duk kashi 90 cikin ɗari na jikinsu azurfa ce. A farkon shekarun 1960 farashin azurfa ya riƙa hawa, masana'antu suna sha da yawa, musamman masu haɗa fim ɗin ɗaukar hoto da kayan lantarki, rumbun gwamnati kuma yana ta raguwa. Aka kusa kai matakin da azurfar da ke cikin kwandala za ta fi kwandalar tsada. Sai majalisa ta yi dokar sulalla ta 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya sa mata hannu a watan Yuli na shekarar. Dokar ta cire azurfa kwata-kwata daga mai senti goma da kwata, aka koma yin su da jan ƙarfe a tsakiya da gaurayen jan ƙarfe da nikel a waje. Rabin dala kuwa aka rage azurfarta zuwa kashi 40, aka ci gaba da haka har 1970, daga nan ita ma aka cire.

A wurin sa hannun, Johnson ya ja kunnen masu niyyar ɓoye tsofaffin sulalla, ya nuna cewa gwamnati na da azurfar da za ta danne farashi da ita, don haka ɓoyon ba zai kawo riba ba. Jama'a ba su saurare shi ba, kuma lokaci ya nuna su ne suka yi daidai. Duk wanda aka ba shi canji ya ga ta azurfa sai ya jefa ta a aljihu na daban, ya kashe sabuwar. Cikin 'yan shekaru azurfa ta yi ƙaranci a kasuwa. Masana tattalin arziki suna danganta wannan ɗabi'a da sunan Thomas Gresham, wani attajirin Ingila na ƙarni na 16: idan kuɗi biyu suna da daraja ɗaya a doka amma ɗaya ya fi ɗaya kyau a zahiri, mai kyan zai ɓuya a gidaje, marar kyan ya cika kasuwa. Tun kafin Gresham, malamin tarihin nan na Masar, al-Maƙrizi, ya koka a farkon ƙarni na 15 kan yadda kuɗin jan ƙarfe suka mamaye kasuwannin Alƙahira, dirhamin azurfa ya yi wuyar gani. Mu ma a nan an taɓa yin irinsa, domin sulallan azurfa na Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka fara bugawa a 1913 an maye gurbinsu da na gaurayen ƙarfe a 1920 lokacin da azurfa ta yi tsada, kuma da yawa daga cikin na azurfar a wurin maƙeran farfaru suka ƙare, suka zama awarwaro da zobba.

To idan tun shekaru sittin da suka wuce ake tsame azurfar nan, kuma a 1980, lokacin da oza ɗaya ta azurfa, wato kimanin giram 31, ta kusa dala 50, an narkar da tarin sulalla masu yawan gaske, me ya rage a banki a yau?

A nan ne abin ya fi taɓa ni. Azurfar da ake samu yanzu ba wadda ta tsere wa masu tsince ba ce tsawon shekara sittin. Mafi yawanta wadda aka ɓoye ce ta dawo. Dattijon da ya cika gwangwani da rabin daloli a 1966 ya rasu, 'ya'ya ko jikoki suka zo kwashe kayan gida, suka ga gwangwani, ba su san bambancin ta 1964 da ta 1974 ba, suka kai banki aka juye a injin ƙirga. Wata tsohuwa ta matsu da kuɗin magani ta ɗauko abin da mijinta ya ajiye. Wani lokaci ma ɓarawo ne ya sace tarin wani ya kashe a matsayin canji. Daga banki sulallan su tafi rumbun kamfanonin jigilar kuɗi irin su Brinks da Loomis, inji ya gauraya su da dubban wasu, ya naɗe su ɗauri-ɗauri, a sake rarraba wa bankuna. Mai neman azurfa yana tsaye ne a bakin wannan magudana yana jiran abin da mantuwa da rashin sani suka zubar. Shi ya sa masu abin suka fi son ɗaurin da mutane suka naɗe da hannunsu a gida suka kawo banki, fiye da naɗin inji, domin a irinsa ne ake iya cin karo da ɗauri guda cur na azurfa zalla. Ni a ganina a nan akwai iyakar da ya kamata uba ya nuna wa ɗansa. Abin da ya riga ya shige cikin tarin banki ba a san mai shi ba, wanda ya samu ya samu. Amma idan tsohuwa ce a gabanka a layi tana shirin miƙa azurfa a farashin ƙarfe, mutunci shi ne ka matsa ka faɗa mata abin da take riƙe da shi.

Manya sun fi ɗaukar kwalin rabin dala. Kuɗinsa dala 500, ɗauri 50 ne, kowanne da kwandala 20, nauyinsa ya haura kilo 11. Dalilin fifikon shi ne rabin dala ba ta yawo sosai a kasuwa. An sa mata hoton Shugaba John Kennedy a 1964, watanni kaɗan bayan an kashe shi a Nuwamban 1963, kuma ko da yake an buga sama da miliyan 400 masu ɗauke da wannan shekara, mutane sun riƙa ajiye ta don tunawa da shi. Tun daga lokacin ta fita daga hannun masu saye da sayarwa, ta koma zaman rumbu da akwatin gida. Abin da ba ya yawo ba a cika tsince shi ba. Ga kuma masu kashi 40 na 1965 zuwa 1970, waɗanda mutane da dama har yau ba su san akwai azurfa a cikinsu ba.

Gane ta ba wuya. Idan aka yage takardar ɗaurin aka dubi gefen kwandalolin a jere, na zamani suna nuna jan layi a tsakiya, ta azurfa kuwa fara ce fat daga sama har ƙasa. Mai kashi 40 takan yi ruwan toka a gefe, don haka sai an duba shekararta. Kunne ma yana aiki, domin azurfa idan ta faɗi a tebur ƙararta siririya ce mai tsawo, ta jan ƙarfe kuwa gajeruwa. Sikeli ke raba gardama: rabin dala mai kashi 90 giram 12.5 ce, mai kashi 40 giram 11.5, ta zamani 11.34. A cikin mai kashi 90 akwai azurfa kimanin oza 0.36, a cikin mai kashi 40 kimanin 0.15. Idan muka ƙaddara oza a kan dala 30, ta farkon ta kusa dala 11, ta biyun ta haura dala huɗu, ga shi an saye kowacce a senti 50. Akwai kuma azurfar da ta ɓuya inda ba a zato. Daga ƙarshen 1942 zuwa 1945, saboda ana buƙatar nikel don kayan yaƙi, an riƙa yin kwandala mai senti biyar da kashi 35 na azurfa. Ana gane ta da babban harafi da aka buga a bayanta, a saman ginin Monticello, gidan Shugaba Jefferson.

Sai dai duk wanda ya daɗe a harkar zai gaya maka ana iya warware kwali guda na rabin dala, kwandala dubu, ba a ga azurfa ko ɗaya ba, a ɗauko na biyu da na uku haka. Wannan kan kashe wa yaro gwiwa. Shi ya sa iyalan da suka san abin da suke yi da kwabo suke fara wa yara.

Kwabo mai hoton Shugaba Abraham Lincoln ya fara fita a 1909, shekara ɗari da haihuwar shugaban, kuma har 1958 bayansa na ɗauke da zanen zangarniyar alkama biyu. Daga 1959 aka sa ginin tunawa da Lincoln, a 2009 aka yi zane huɗu na rayuwarsa, daga 2010 aka koma garkuwa. Masu zangarniyar nan suna nan a warwatse cikin kwalaye, ba su yi yawan da za a raina su ba, ba su kuma yi ƙarancin da yaro zai gaji da jira ba. Mafi yawansu darajarsu 'yan senti ce kawai. Amma yaro ɗan shekara takwas da ya juya kwabo ya ga 1944, aka ce masa ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu aka buga shi, ya riga ya riƙe tarihi a tafin hannunsa. Idan aka yi sa'a ya ci karo da na 1943, wanda aka yi da baƙin ƙarfe aka lulluɓe da tutiya saboda jan ƙarfe ya tafi yin harsashi, sai a kawo maganaɗisu ya ga kwabo ya manne. A ƙarƙashin shekarar kuma akwai ƙaramin harafi da ke nuna garin da aka buga shi: D na Denba, S na San Faransisko, idan babu harafi galibi na Filadelfiya ne. Daga nan taswira ta shigo zancen ba tare da an ce yau darasin labarin ƙasa za a yi ba.

Abin da ke riƙe yaro a kan teburin shi ne littafin ramuka. Kwali ne mai naɗewa, an huda masa gurabe, a ƙarƙashin kowane gurbi an rubuta shekara da harafin gari da adadin da aka buga. Wani injiniya daga jihar Wiskonsin mai suna J. K. Post ne ya fito da allon farko na irin wannan a 1934, lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu, kamfanin Whitman ya karɓi abin ya yaɗa shi. Kafin nan tara sulalla harkar masu hali ce, masu sayen tsofaffin kuɗin Girka da Rum. Allon nan ne ya mayar da ita abin da ɗan talaka zai yi da canjin da ke aljihun babansa. Hikimar ita ce ramin da ba a cike ba yana kiran mai littafin. Kwabon 1971 mai harafin S ba shi da wata daraja a kasuwa, amma ga yarinyar da wannan gurbin kaɗai ya rage mata a shafi, ranar da ta same shi ranar murna ce. Akwai kuma gurbin da kusan kowa ya san ba zai cika daga banki ba, na 1909 mai harafin S da baƙaƙen sunan mai zanen, Victor David Brenner, wanda guda 484,000 kacal aka buga.

Sashe mafi ruɗani shi ne na kurakuran bugu, kuma a nan ne nake ganin ana cutar mutane. Intanet cike take da bidiyoyi masu cewa wataƙila akwai kwabon miliyoyi a aljihunka. Asalin zancen gaskiya ne. A 1943 an buga 'yan kwabbai ƙalilan da jan ƙarfe bisa kuskure, kuma ɗaya daga cikinsu, na Denba, an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010. A 1955 hatimin bugu guda ya samu zane biyu a kan juna, ya fitar da kwabbai kimanin dubu 20 da ɗoriya waɗanda rubutunsu ya fito biyu-biyu ƙarara. A 2004 an samu wasu kwatoci masu zanen jihar Wiskonsin da ƙarin ganye a jikin masarar da ke zanen. Akwai kuma labarin da masu warware ɗauri suka fi so, domin na irinsu ne. A 1982 aka sauya kwabo daga jan ƙarfe mai giram 3.11 zuwa tutiya mai giram 2.5, aka kuma sauya girman lambobin shekarar a cikin wannan shekara. An daɗe ana ganin babu kwabon Denba mai ƙananan lambobi da aka yi da jan ƙarfe, sai a 2016 wani mutum a jihar Minesota da ke auna kwabbansa ɗaya bayan ɗaya ya samu guda, aka yi gwanjonsa a kan dala 18,800 a shekarar da ta biyo.

Amma a dubi lissafin. Kwabban 1982 biliyoyi ne, kuma sai da aka shekara 34 kafin a ga wannan. Abin da sabon shiga yake gani ya ɗauka kuskure ne mai tsada, kusan kullum ko dai rauni ne da kwandalar ta samu a titi ko a injin wanki, ko kuwa ɗan zamewar hatimi lokacin bugu, wanda ke barin inuwa shimfiɗaɗɗiya a gefen harafi, kuma ba a biyan komai a kansa. Jabu ma sun yi yawa: ana shafa wa kwabon baƙin ƙarfe na 1943 ruwan jan ƙarfe, ana kuma goge lambar 8 ta 1948 ta koma kamar 3. Na farkon maganaɗisu ke tona masa asiri. Abin da ake zaton mai tsada ne sai an aika wa kamfanonin tantancewa irin su PCGS ko NGC, su auna ingancinsa a ma'auni mai hawa 1 zuwa 70, kuma aikin ba kyauta ba ne. Kuskure mafi ciwo da sababbi ke yi shi ne wanke kwandala ko goge ta don ta yi ƙyalli. Masu saye suna gane gogaggiya nan take, kuma gugar na zubar da mafi yawan darajarta.

Hukumar buga kuɗin ƙasar ita kanta ta taɓa shiga wasan. A 2019 ta buga kwata a gidan bugunta na West Point, a jihar New York, da harafin W, zane biyar, kowanne miliyan biyu, ta gauraya su cikin na Filadelfiya da Denba ba tare da ta sayar wa kowa kai tsaye ba, don dai mutane su koma duba canjinsu. Ta maimaita a 2020.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne duk harkar a kan haƙurin ma'aikatan banki take tsaye. Banki yana biyan kuɗi kafin a kawo masa kwalin sulalla, yana kuma biya kafin a kwashe masa. Mai ɗaukar kwali huɗu duk mako ya dawo da su, hasara yake jawo wa reshen, ga wahalar ɗaga kaya ga mai zama a kanta. Saboda haka wasu bankuna suna ƙin bayarwa, wasu sai ga mai asusu, wasu suna cajin kuɗi. Al'adar masu abin ita ce ba a mayar da sulalla reshen da aka ɗauko su, don kada a gajiyar da su, kuma don kada a sake ɗauko abin da aka riga aka tsince. Injinan ƙirga na kantuna irin na Coinstar suna cire sama da kashi goma cikin ɗari idan tsabar kuɗi kake so, wanda ya isa ya cinye ribar wata guda. A 2020, lokacin annobar korona, sulalla suka yi ƙaranci a ƙasar har aka taƙaita rabon su ga bankuna, masu wannan sha'awa da yawa suka dakata dole.

Akwai masu tara kwabban kafin 1982 buhu-buhu, domin jan ƙarfen da ke cikin kowanne ya fi senti ɗaya daraja. Amma tun Disamban 2006 doka ta hana narkar da kwabo da mai senti biyar, da fitar da su ƙasar waje da yawa, kuma hukuncin na iya kai wa tarar dala 10,000 da ɗaurin shekara biyar. Masu tarawar jira kawai suke yi ko za a ɗage dokar.

Idan aka haɗa man mota da sa'o'in zama da zirga-zirgar banki, wanda ya shiga don riba da ya nemi aikin awa-awa ya fi masa. Iyalan da suka shiga da wannan niyya ba sa daɗewa. Waɗanda suke daɗewa su ne suka fahimci cewa sun samu sha'awar da jarinta ba ya ƙarewa. Dala 25 ɗin nan ita ce za ta yi ta juyawa shekara guda, ba a rasa komai sai 'yan kwabban da aka ware, kuma wannan ne ya raba ta da caca, inda uwar kuɗi ke tafiya. Yaro na koyon ƙirga hamsin-hamsin, da karanta ƙananan rubutu da gilashin ƙara girma, da rubuta abin da ya samu a littafi, da jure ranar da ba a samu komai ba. Kaka da jika suna iya yin ta tare ba wanda ya fi wani, sau da yawa ma idon jikan ya fi kaifi. Sai dai a kula da masu rarrafe, domin haɗiye kwandala haɗari ne, kwabon tutiya kuma ruwan ciki na cin sa, sannan a wanke hannu bayan an tashi.

Ƙofar da yara ke shiga ta ita ce yanzu take ƙoƙarin rufewa. A 2024 buga kwabo ɗaya yana cin gwamnatin Amurka senti 3.69, mai senti biyar kuma kusan senti 14. A ranar 12 ga Nuwamban 2025 aka buga kwabo na ƙarshe na hada-hadar yau da kullum a Filadelfiya. Biliyoyin da ke hannun jama'a har yanzu kuɗi ne, amma tun kafin ranar wasu kantuna da bankuna sun fara kukan ƙarancinsa. Kanada ta riga ta bi wannan hanya: ta daina buga kwabonta a 2012, ta daina rarraba shi a Fabrairun 2013, bankuna suka riƙa tattarawa ana mayarwa don a narkar, masu wannan sha'awa a can suka koma kan mai senti biyar da mai senti goma. Iyalan Amurka ma da alama can za su nufa. Kwalin mai senti biyar dala 100 ne, kwandala 2,000, zanen Jefferson na gabanta bai sauya ba daga 1938 har 2004, ga na azurfar lokacin yaƙi, ga mai hoton ɓauna na 1913 zuwa 1938 da kan faɗo jefi-jefi, kuma yaro mai haƙuri zai iya cike mafi yawan littafinsa daga banki kaɗai.